Zuwa Yanbu Nemo wa Jamila Miyar Garinsu

Ƙuba, ƙarfe biyar da minti ashirin

Ranar Litinin, da idar da sallar asuba, na fito daga gidana a Ƙuba gari bai waye ba. Baba Abakar, tsohon direba ɗan Chadi da ke kai ni aiki, yana ƙofa.

"Dakta, kilomita ɗari biyu da talatin ashan miya, saboda miya kawai? Wallahi ajib."

Ban iya dariya ba. Jamila ce dalili, nas 'yar Filifin da ta musulunta a nan Madina. Shekara tara muna asibiti ɗaya, ni a ɗakin magani, ita a ɗakin haihuwa. Kansa ta kama ta, magani ya hana ta cin abinci. Likita ya ce in Alhamis ta zo ba ta fara ci ba, ba zai sa hannu a takardar hawa jirgi ba. 'Ya'yanta biyu kuwa suna can Filifin suna jiran ta dawo gida. Abu ɗaya ta ce tana marmari: pinakbet, miyar ganyayyakin garinsu. Kayan haɗinta na wurin Rosa, wata 'yar ƙauyensu da ke Yanbu.

Hanyar Badar

Shida da rabi muka tsaya a shingen bincike. Jami'in ya duba iƙamarmu, wato izinin zama, a waya, ya ce mu wuce. Kusa da Badar Baba Abakar ya sayo gurasar tamis da dafaffen wake da shayi. Shi ya cinye, ni shayin ma sai da ya huce a hannuna. Duwatsu ne baƙaƙe dama da hagu.

Yanbu, takwas da kwata

Tun daga nesa ake hango hayaƙin matatun mai. Rosa na zaune a gidan ma'aikata, ta yi 'yar shuka a bokitai bayan kicin. Ta ba ni kwalbar daddawarsu ta jatan lande, wadda warinta ya sa Baba Abakar ya zuge gilashi har Madina. Sai ta tsinko ampalaya guda uku, dogaye masu ƙuraje, dangin garahuninmu ne. Su ke nan suka rage a jikin yaɗon.

Da Larabcinta na kasuwa ta koya mini: "Daddawa da tumatir da citta a ƙasa. Kabewa, sai dogon wake, gauta, kuɓewa, ampalaya a sama. Kar ki juya da cokali, Madam. Girgiza tukunyar za ki yi."

Na rubuta komai a takarda kamar umarnin likita. Tara da rabi muka juyo.

Uhudu, sha biyu da rabi

Ɗakin Jamila na hawa na biyu, ta taga ana ganin dutsen Uhudu. Na same ta kwance, akwatunanta a ɗaure tun makon jiya. Na shiga kicin ina ji da kaina, ni da ake yabon miyata tun daga Zariya.

Na yanka ampalaya na ɗanɗana, sai da na runtse ido. Na ce wa raina, mara lafiya za a ba wannan? Na yi mata abin da muke yi wa shuwaka: na zuba gishiri, na murje, na matse, na ɗauraye har ruwa uku, na tsiyaye koren ruwan a rariya. Duka ukun. Rosa ba ta hana ni ba, don bai taɓa zo mata a rai wani zai yi haka ba. Sauran kuwa na bi takarda tiryan-tiryan, ko cokali ban sa ba.

Ƙamshi na tashi Jamila ta tashi zaune da kanta. Rabon da in ga haka an kwana biyu. Na zuba mata a kan shinkafa, ta yi bisimilla, ta kai cokali ɗaya. Ta tauna ta tauna. Ta nemo yankan ampalaya ta sake kaiwa.

"Ukhti Hadiza, ina ɗacin?"

"Na wanke miki shi, don ki iya ci."

Ta ajiye cokalin a hankali. "Maganin nan ya kashe mini harshe. Komai kamar takarda nake jinsa. Ɗaci kaɗai ya rage mini. Mu a garinmu saboda shi ake dafa ta."

Ni da nake miƙa wa mutane wannan maganin kullum, ina jera musu illolinsa, ban tambaye ta ba. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni. Ita ce ma ta koma lallashina, ta ƙara cokali ɗaya don kar in ji ciwo, ta kwanta ta juya wa kwanon baya.

Ƙuba, bayan la'asar

Huɗu da rabi na iso gida. Baba Abakar ya ga fuskata bai tambayi komai ba, sai cewa ya yi, "Allah ya sawwaƙe, Dakta." Washegari na samo ampalaya irin ta Indiyawa a kasuwa na sake dafawa, amma amai ya riga ya fara, ko ruwa ba ya zama. Ranar Alhamis likita bai sa hannu ba, gado ya ba ta.

Na san miya ba ta warkar da kansa. Na faɗa wa kaina haka sau ba adadi, bai rage mini komai ba.

Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, ga Baba Abakar, ga Rosa da ta ba da abin da ya rage mata. Bayan kwana goma sha ɗaya aka yi wa Jamila sallah a Harami, aka binne ta a Madina. Kowa na cewa ta yi dace, kuma gaskiya ne. 'Ya'yanta dai a waya na sanar da su.