Wasan da muka bari da Sabo

Jama'a wallahi wannan ni ya faru da ni, ba ji na yi ba. Farkon shekarun shari'a ne, ina aiki a wani shagon buga takardu a Takur, cikin Dutse. Kwamfutar shagon tana da wasan ces, darar Turawan nan, kuma in an zo ƙarshen wasa, 'ya'ya sun ragu, kana latsa wani waje sai ta nuna maka hanyar ci, ko ta ce canjaras ne.

Ni da abokina Sabo muke bugawa in ba kwastoma. Ran nan na matse shi, saura sarkinsa da soja ɗaya a kan allo, ni kuwa ina da sarki da doki da soja, ya ce kansa na sarawa, mu ajiye sai gobe. Goben bai zo ba, zazzaɓi ya kwantar da shi, har ya daina gane mutane.

Wata rana da azahar na buɗe wasan, kawai na ga sojansa ya matsa gaba. Ni kaɗai ke da mukullin shagon fa, kuma an saita mutum biyu ne, injin ba ya taka wa kowa. Na taka nawa. Ina kallo sarkinsa ya gusa.

Na hau acaɓa sai Limawa, gidan su Sabo. Innarsa ta ce, "Kai ɗan nan, me kuka yi ne? Sambatu yake, wai ka tare masa hanya." Na shiga, idonsa a rufe, yana cewa, "Haba mutumina, kashe ni za ka yi?"

Innalillahi. Na koma shago, na latsa wajen nan. Ya nuna min hanyar ci, gajeriya. Ban bi ba. Na lalubo layin da ya rubuta canjaras, na bi shi tiryan-tiryan, na cinye sojansa, na ba da dokina, na ba da sojana, can ɓangaren ana ta amsa min, har allo ya zama daga sarkina sai nasa.

Kafin la'asar aka ce gumi ya karyo masa, ya nemi kunu. Da ya warke na tambaye shi, ya ce bai tuna komai ba, sai dai ya kalle ni ya ce, "Amma dokin nan da gangan ka bayar ko?"

Likita ya ce allura ce ta yi aiki, ban musa ba. Ni dai shawarata, in abokin wasanka ya kwanta ciwo, kar ka buɗe wasan kai kaɗai.