Uwar Furen Kumandan

Manu mutumin fadamar Matamaye ne, manomin rake. In ka je masa neman iri ba ka dawowa hannu sake, don haka ya gada: ba a hana maƙwabci iri.

To, shekarun da Nasara suka fara zama a Damagaram, wani kumandan ya yada zango a Matamaye. Ya bar wa Manu wani tsiro a gwangwani, wai furen ƙasarsu ne, rawaya, wanda suke kai wa matattunsu a kabari. Gardinsa, wato dogarin da ke masa tafinta, ya fassara: in Manu ya raya shi har ya yi fure, an ɗauke masa aikin dole na hanya.

Manu ya dasa shi a baƙar ƙasa gefen rijiya, ya yi masa shinge. Tsiro ya ji daɗi, ya bazu.

Sai ga Isufu, amininsa tun suna kiwon awaki.

"Haba Manu, kai kaɗai za ka ci gadon Nasara? Ɗan yanko mini toho mana."

"Me za ka yi da abin da ko akuya ba ta ci?"

"Uwargida ce, Maryama, ka san ta da son ƙawa."

Isufu ba shi da fadama. A kaskon tsohuwar randa ya zuba yashi, ya soke tohon, yana jiƙawa da ruwan taki. Wasu su kama, wasu su ruɓe, ya dawo, Manu ya sake yanka. Abin da Manu bawan Allah bai sani ba, a kan tohon nan fure ke fitowa. Uwar da kullum ake yi wa aski, yaushe za ta yi fure? Isufu kam ya gane, tun da ya ga nasa sun fara kumbura, amma bai daina zuwa ba.

Da sanyi ya shigo, kumandan ya dawo. Wajen Manu ganye ne kore shar, babu ƙari. Isufu kuwa ya taho da kasko a ka, rawaya fal.

"Wa ya raya wannan?" in ji gardi.

Manu ya dubi amininsa, yana jira ya ji sunansa. Isufu ya durƙusa.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

Aka tura Manu fasa dutse a hanyar Damagaram, rakensa ya bushe a tsaye. Ya dawo da tarin da bai sake shi ba har tsufansa. Isufu ya zama mai lambun bariki. In sun haɗu a masallaci Manu yakan amsa sallama, tunda wajibi ce, sannan ya matsa wani sahu.