Ranar da Alhaji Modu ya zo korar mu

Cikin shekarun da na yi ina kula da kaya da dandamali a ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo a Fagge, babu ranar da ta zauna mini a rai kamar ta gwajin ƙarshe na wasan ɗan dako. Ku sababbin shiga, gwajin ƙarshe shi ne wanda ake yi da cikakkiyar shiga, ba tsayawa, kamar 'yan kallo na zaune.

Daraktanmu a lokacin Malam Sikiru ne, Bayarabe haifaffen Sabon Gari. Wani Ba'indiye mai sayar da yadi ya ara masa hotunan zanen bangon kogo na mabiya addinin Buddha, da fassarar tsofaffin labaransu. Malam Sikiru ya kamu. Abin da ya fi burge shi hannayen mutanen cikin zanen, kowanne yana faɗin wani abu: tafi a ɗage yana cewa kwantar da hankalinka. Daga nan ya rubuta wasan wani ɗan kasuwa mai zafin rai da tsohon ɗan dako ya koya wa haƙuri. Ya sa na naɗa wa Bala, mai fitowa a ɗan dakon, mayafi ruwan ɗorawa kamar na hotunan.

Ɗakin taron da muke aro na makarantar Alhaji Modu ne, Babarbare da ya tsufa a kasuwar yadi. Ashe an kai masa labari wai bautar gunki muke koya wa yaran unguwa. Muna tsakiyar gwaji ya shigo, ya tarar da Bala zaune ya harɗe ƙafafu, tafi a sama, sauran sun kewaye shi. Ga shi gobe ne wasan, kuma ba mu da wani wuri.

"Sikiru, me nake gani haka? Ku kwashe ku fita."

Malam Sikiru ya rusuna. "Alhaji, da mu ake sahu a masallaci. Darasin haƙuri muka aro, ba addini ba. Ka duba, in ka ga ɓarna da kaina zan kwance labulen."

Na yi maza na jawo masa kujera. Ya zauna a bakin-baki, fuska a murtuke.

Aka sake daga farko. Da ɗan kasuwar ya fara faɗa, sai muka ji Alhaji ya ce, "Kai! Haka ake masifa a kasuwa? Wannan ai lallashi ne." Ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya balbale Bala da faɗa, har da tura hula gaba. Bala bai san abin yi ba, sai kawai ya ɗaga masa tafi a hankali kamar yadda aka koya masa. Alhaji ya tsaya cak. Sai ya fashe da dariya, mu ma muka bi.

"Hannun nan ku bar shi," in ji shi. "Amma zaman nan da mayafin nan ban yarda ba." Ya juyo wajena. "Hajiya Rabi, ba ki da tsohuwar riga? Ɗan dako a kan baro yake hutawa."

Malam Sikiru ya ɗan ji ciwo, don yana son mayafin, amma ya amince. Da Bala ya hau baro cikin koɗaɗɗiyar riga, Malam Sikiru da kansa ya ce yanzu ne wasan ya zama na Kano. Washegari Alhaji ya zo da abokansa na kasuwa, yana nuna musu wurin da ya gyara.

Tun daga ranar, duk wanda ya zo mana da fushi ba na gardama da shi. Kujera nake ba shi. Galibi kafin ya tashi ya zama darakta.