Raliya Ba Ta Kallon Fuska

Ni ce Lantana, yayar Raliya uwa ɗaya uba ɗaya, kuma yau bakina ya ƙi rufuwa. Bari in ba da labarin ƙanwata, matan unguwarmu su ji, in akwai sauran kunya a jikinsu.

Raliya ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi, nan ƙauyenmu kusa da Cadakori. Tun tana ƙarama ba ta kallon idon mutum. In kana mata magana, hannunka take kallo ko ƙafarka. Ka yi mata murmushi, ka ɗaure mata fuska, duk ɗaya ne wurinta. Baba ya kai ta wurin malamai, ta sha rubutu, an yi mata hayaƙi har zanenta ya koma warin gawayi. Daga baya wata likita a Maradi ta ce ba iska ba ce, halitta ce, wai sunanta otisim. Ni da ƙyar na gama lakol, makarantar boko ke nan, amma wanga suna na riƙe shi gam, don in samu abin jifar masu surutu.

Masifar ta faro ne wurin zaman makokin Baba Tsoho, maƙwabcinmu, lokacin Raliya tana budurwa. Mata sun zauna, kowa ta rufe kai da mayafi, kafaɗu suna rawa. To mu a gida in dariya ta kama mu gaban Baba, haka muke cusa baki cikin mayafi, kafaɗunmu su yi ta rawa. Sai Raliya ta ɗauka dariya ake, ta ƙyalƙyale da ƙarfi don ta taya su.

Gwaggo Tala, wadda bakinta ya fi rediyo kai labari nesa, ta miƙe ta nuna ta da yatsa. “Kun gani? Mayya ce! Ta cinye shi, ta zo tana murna!”

Shi ke nan. Tsohon da ya shekara kwance yana tari, wai Raliya ce ta ci shi. Daga ranar, in ta shigo gida sai kowace ta fizge ɗanta ta juya baya. Ba a kiranta bikin suna. Amma fa ƙuli-ƙulin mayya bai taɓa kwana ba, su da ƴaƴansu suke gurguzarsa har da lasar yatsa. Ita kuwa abu ɗaya take so a duniya, a ba ta jariri ta riƙa. Ni Allah bai kawo mini ba tukuna, da na ba ta ta riƙa har ta gaji.

Da muka koma gida ranar makokin ta ce, “Yaya, mi na yi?” Na gaya mata kuka suke. Sai ta ce, “To ya ake ganewa?” Wallahi ban san amsar ba, ni dai ina ganewa ne kawai.

Sai ta shiga koyo da kanta, bakin rijiya, wurin niƙa, ko'ina. Ta dawo ta ce mini, “In kafaɗa na rawa kai yana ƙasa, kuka ne. In kai ya yi baya, dariya.” Wata rana ta ce, “Inna in ta ji haushi ba ta wurga taɓarya ta tafa, dukan turmin kawai take.” Na duba, haka ne! Ni da na girme ta ban taɓa lura ba. Tana kuskure fa. Ta taɓa hango Rashidu mai kabu-kabu yana wurgi da hannuwa, ta ruga ta ce mini faɗa yake, ashe zuma ce ta biyo shi.

Ana nan Habsatu, ɗiyar Gwaggo Tala, ta dawo gida goyon ciki, cikin fari. Kun san yadda ake hure wa yara kunne: ɗiyar mutunci ba ta kukan naƙuda, ba ta nunawa, kar a yi mata waƙar zambo. Ran nan muna tsakar gidan Tala muna ɓarar gyaɗa, mata cike da tabarma. Habsatu na gefe jingine da rumbu. Duk wadda ta ce “Habsatu ya jiki?” sai ta yi murmushi ta ce, “Lafiya lau.” Raliya ta kawo man da Talar ta saya, ta tsaya bakin ƙofa, don nan ne iyakarta.

Sai muka ji ta ce, “Habsatu ciwo take ji. Mai tsanani.”

Tala ta zabura. “Ke! Aje man ki fita, kar ki sa mata baki! Ba ki ga tana dariya ba?”

Raliya ko ɗaga kai ba ta yi ba. “Yatsun ƙafarta sun damƙe tabarma. Kafaɗarta ɗaya ta hau sama. Kuma ba ta numfashi sai ta gama murmushin.”

Muka juya. Habsatu ta buɗe baki za ta ce lafiya, sai kuka ya ƙwace mata. Da aka ɗaga ta, zanenta duk jini. Tun asuba take haka, gaban uwarta, gaban mu duka masu kallon fuska. Aka ɗaura amalanke aka yi gidan likita da ita. Allah ya taimaka, ta sauka, namiji.

Kuna zaton sun ji kunya? Ina! Kafin amalanken ya dawo har sun fara: “Ai dama maye yana ganin cikin mutum.” Kan jaki ya fi nasu. Ƙafar yarinya tana gaban idonku, kun tsaya kallon haƙora.

Yau aka yi suna. Da safe Habsatu ta aiko a ce Raliya ta zo, da sunanta. Na riƙe hannunta muka shiga har ɗaka, mata suna ja da baya kamar an shigo da kura. Habsatu, da ake cewa mai ɗan fari ba ta ko kallon ɗanta gaban mutane, ta ɗauki yaron da hannunta ta ce, “Raliya, zauna. Ungo Mudassir.”

Tala ta dafe ƙirji. “Habsatu, hankalinki ɗaya kuwa?”

“Inna, ranar nan ina zaune gabanki tun safe. Mi kika gani?”

Tala ta hau gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

Raliya ta karɓe shi kamar an ba ta ƙwaryar nono cike fal. Ba ta kalli fuskarsa ba, ƴar ƙafarsa ta kama da yatsa biyu tana dubawa. Ta ce, “Yatsunsa a sake suke. Daɗi yake ji.” Sai Fauziyya, maƙwabciyar da ta fi kowa gudu da ɗa, ta leƙo wai ita ma tana son ganin ƙafar.

Raliya ta juyo wajena, ta tsura wa kafaɗata ido. “Yaya, kafaɗarki na rawa. Kanki ya yi baya, amma ga ruwa yana sauka haɓarki. Wanne ne wannan?”

Na ce, “Dariya ce, ƴar Inna. Ke dai tallabi kan yaron da kyau, ana kallonmu.”