Maiguwa da Ɓarawon da Ake Ce wa Iks

Maiguwa taubashina ne, don haka ina da izinin faɗin abin da na ga dama. Gajere ne, ga wari na taba gari, ga gardamar tsiya. Amma daga Tamaske har Babankatami, in akuyarka ta ɓace, gidansa za ka yi sallama. Mai bin sawu ne. Shekara arba'in yana tafiya kai a ƙasa, har ƙeyarsa ta fi fuskarsa sanin rana. Ya taɓa bin sawun jaki kwana biyu, sawun ya kai shi garkar surukinsa, ya kuma tona. Matarsa ta yi wata uku ba ta zuba masa nono a fura.

Lakwal kuwa, wato makarantar boko, kwana tara ya yi. Ranar da ya ji ana kiran malami "mushe" ya ce shi ba ya zama gaban mushe, ya haura katanga.

To jikarsa Hamdiya, wadda ya riƙe tun rasuwar ubanta, ita ce ta kai lise, babbar sakandare, a Keita. Ta riga ta maimaita aji sau ɗaya saboda lissafi, in ta sake faɗuwa kora ce. Saura mako guda jarrabawa ta zo gida, ta zauna gindin itacen bedi da kaye, littafinta na rubutu, tana kuka. Ina nan, da idona na gani.

"Ke amarya, wa ya mutu?" in ji shi.

"Kaka, ƙyale ni. An ce in nemo iks."

"Na wa ne? Yaushe ya ɓace?"

Na yi dariya har na ƙware, don iks harafin X ne na lissafi. Shi ko a jikinsa. Ya tsuguna ya ce ta karanto masa yadda abin ya faru, da Hausa, ban da iyayi. Ta ce an ninka iks sau uku, an ƙara biyar, an raba biyu, sai aka ga goma.

"Ashe ma an gane shi! Wurin goma aka yi mai ganin ƙarshe ke nan. Ke kuma ina kika hwara nema?"

Ta nuna farkon layi.

"Sakarya! In ka iske tunkiya a kasuwa kana son gidan da ta hito, da baya aka bi. Abin da ɓarawo ya yi na ƙarshe, shi za ki hwara kwancewa."

Ya shata a ƙasa da sandarsa. An raba biyu? Mayar: ashirin. An ƙara biyar? Zare: sha biyar. An ninka uku? Raba. Yarinya ta ce, "Biyar." Ta sake bi daga farko, ya fito goma cif. Wallahi sai da na ji haushi, don ni na kai aji shida ban taɓa gane komai ba.

Mako guda suna farauta. Da ta kawo masu iks da igrek, wato Y, ya ce ɓarayi biyu ne, a matse ɗaya zai tona ɗan'uwansa. Da ta zo da wasu masu ƙaramin biyu a kansu, ya duba ya duba ya ce waɗannan aljannu ne, ta kai wa mushenta. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne kullum dabba ɗaya ke ɓacewa. Ya ce a binciki mai ita.

Hamdiya ta samu sha ɗaya bisa ashirin. Ba abin buga ganga ba ne, amma kujerarta ta tsira. Ta kawo takardar sakamako, aka ce sai mai riƙonta ya sa hannu. Kullum ni yake turo wa irin wannan, yana cewa idonsa na ciwo, shi da ke ganin sawun ƙadangare a kan fako. Ranar nan ya ce a miƙo bik, shi zai rubuta da kansa.

Ya riƙe shi kamar tsinken tsire. Ya ja layi, ya gicciya masa wani. Iyakar abin da ya fito da shi daga lakwal ke nan.

Ya tura mata takardar, bai dube ta ba.

"Ga ɓarawon naku nan. Shekara sittin yana hannuna, ba wanda ya tambaye ni."