Mijin Huseina da Gindin Rumbuna

Sunansa Abdulmumini. Na faɗa sau ɗaya, ba zan ƙara ba, don mijin 'yata Huseina ne. Tun ranar da aka ɗaura aurensu bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba. Ni ma da duk ƙauyen nan ake tsoron bakina, in na hango shi sai in haɗiye. In ina da magana, Huseina nake ba wa. In yana da amsa, ita ke kawowa.

Tun yana ƙarami ba ya barin abu a rufe. Ya taɓa kwance rediyon ubansa, ya sha bulala, ya mayar da ita tana magana fiye da da. Ya gama sakandare a Bici ya dawo gona. Da damina gero da gyaɗa, ranar kasuwar Tsanyawa kuma ya kafa tebur yana cajin waya. Da an kai amfanin gona gida sai ya ɗaure jaka ya tafi ci-rani kudu, ba a sake ganin ƙeyarsa sai hadari ya fara haɗuwa.

Bara Huseina ta samu ciki, bayan mun daɗe muna roƙon Allah, haihuwar kuma tsakiyar rani za ta faɗo. Na ce mata, "Ki gaya masa, ba a yi wa jariri huɗuba ta waya."

Ta dawo da amsa. Wai shi ma ba ya son tafiya, amma da rani me zai ci a nan? Sai dai wani Alhaji Fatihu zai buɗe ɗakin jarrabawar kwamfuta a Ɗanbatta, yana neman wanda zai haɗa injinan su riƙa jin juna, ya kuma zauna yana kula da su. Makarantar koyon aikin tana Kano, kuɗinta sai an sayar da sa. Shi ko tunkiya ba shi da ita.

"To yaya zai yi?" na ce.

"Wai akwai darasi na kyauta a waya, Inna."

"Kyauta? A duniyar nan ko sallama ka yi amsa kake jira."

Ashe akwai ɗin. Ya fara da bidiyon wani Ba'indiye mai zuba Turanci kamar ana sheƙa gero, bai tsinci komai ba. Daga nan ya dace da wani zaure a waya, inda 'yan Arewa masu wannan sana'a ke warware darasi da Hausa, kowa ya jefa tambaya a ba shi amsa. Su suka nuna masa wata manhaja da ake jera kwamfutocin hoto a ja musu igiya, a ga ko sun gaisa, ba sai an sayi komai ba. Malam Hashimu na firamare ya yarda ya riƙa ara masa kwamfutarsa in an tashi makaranta.

Sai matsala ta ɓullo inda ba a zata ba. Ya zagaye ƙauyen nan da waya a sama kamar mai neman wata, sabis bai tsaya da ƙarfi ko'ina ba sai gindin rumbuna, daidai ƙofar ɗakina. Suruki kuwa ba ya miƙe ƙafa a tsakar gidan uwar matarsa. Huseina ta zo tana murza bakin gyale, ta kasa faɗa.

Na ce, "Ni fa daga yau in an yi azahar dubiya zan riƙa fita. Gidan ma ya ishe ni."

Na dubo duk marasa lafiyan garin nan. Da suka ƙare na koma kan masu lafiya. Ƙawata Fanta ta gaji da ni, ta ce, "Ke tsohuwar banza, ƙafata ta warke tun sallah, me kike dubawa?"

"Bakinki nake dubawa, shi ne bai warke ba."

Wata rana na dawo da wuri, na tsaya bayan danga, na ji yana yi wa Huseina bayani. "Kin ga ni da Inna gida biyu ne, ba ma magana kai tsaye. Saƙo sai ya bi ta kanki, ke kika san inda za ki kai shi. To wannan akwatin, rauta, aikinsa ke nan."

Huseina ta ce, "Shi ma yana rage zafin maganar kafin ya isar?"

Na toshe baki da zane, na koma gidan Fanta.

Bayan an yi girbi Alhaji ya kira shi gwaji. Abokan ci-raninsa sun riga sun kama mota, jakarsa ma tana ɗaure a ɗaki, in abin bai yiwu ba ya bi su. Ranar ban je dubiyar kowa ba. Na zauna ɓarar gyaɗa, ina zuba ƙwaya cikin ɓawo.

Da la'asar ya yi sallama, ya durƙusa can bakin zaure, kai a ƙasa. Huseina ta tsaya tsakaninmu da cikinta, ko taku biyar babu daga ni zuwa shi.

"Ki gaya wa Inna injinan sun gaisa, duk ɗakin. Ranar Asabar zan fara."

"Ki gaya masa na ji, Allah ya sa albarka. Ya je ya kwance jakar nan."

"Ki ce mata na gode da dubiya. Marasa lafiya sun ji daɗi."

Ashe ya sani, ɗan nema! Na ce, "Ki ce masa ƙafafuna sun kumbura, ya san abin da zai kawo ranar kasuwa."

Ya kawo man zafi da ɗaurin goro. Da yaron ya zo kuwa, shi ya yi masa huɗuba da bakinsa.