Shekarar da Baba Ya Yi Ƙwadago a Gonarsa

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar bazara, shekarar da nake aji huɗu na firamare, Baba ya dawo gida da hantsi. Ina tsugune a gindin dalbejiya ina wanke-wanke, Inna tana tankaɗe a ƙofar ɗaki, sai muka ji ƙarar kekensa a zaure. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Baba a gida a wannan lokaci ba sai ranar hutu, don haka na saki kwanon da ke hannuna na miƙe. Ya jingine keken a jikin tsohon rumbunmu da kaji suka mayar ɗakinsu, kakinsa tas babu ko ɗigon mai, ya ce wa Inna, "Mun tafi yajin aiki." Inna ba ta ɗaga kai daga tankaɗenta ba, ta ce, "Har yaushe, Malam?" Ya ce, "Ba za a daɗe ba." Ni kuwa murna ta kama ni, don a zatona hutu aka ba su irin namu na makaranta.

Kamfanin matse man gyaɗa ne a bayan garin Daura, in ka ɗauki hanyar Kongolam. Baba ne ke kula da babban injin, har sunansa ya ɓace, kowa Mamman Inji yake ce masa. Unguwarmu kaf a jikin wannan kamfani take rataye. Da ɓawon gyaɗarsa Inna ke hura wuta, tunkuzarsa awakinmu ke ci har suka yi sheƙi, kuma da jiniyarsa ta rana mata ke sanin lokacin ɗora tukunya. Ƙamshin soyayyar gyaɗa kuwa ya kama komai, har filon da Baba ke kwana a kai. A makaranta mu ne 'ya'yan kamfani, masu takalmi da kuɗin tara, kuma ni kam na yi rawar kaina son raina. In muna carafke a ƙarƙashin bishiyar makaranta, ni ce mai zaɓar wadda za ta fara, don ni ce mai sayen alale a raba. Ban san cewa kamfanin ya daɗe yana ciwo ba. Wuta ta daina zama, man janareta ya yi tsada, gyaɗa ta yi wuya, ga man jarka da ke shigowa ta kan iyaka ya fi nasu araha. Albashi ya fara makara, daga baya ya daina zuwa, shi ne ƙungiyar ma'aikata ta ce a ajiye aiki.

Baba yana da gona ta gado a ƙauyenmu da ke kan hanyar Dutsi. Tun da ya samu aikin kamfani ya ba ƙanensa, Baffa Sule, aronta. Aron gona kuma yana da ƙa'idarsa a wurinmu. Duk shekara, kafin a fara shara da kai taki, wanda aka ara wa zai zo ya tambayi mai gona ko ya ci gaba ko za a karɓa. Ko bayan an ce masa ya ci gaba, mai gona yana iya janyewa muddin iri bai shiga ƙasa ba, sai dai ya biya shi wahalarsa. Amma da zarar an yi ruwan shuka an jefa iri, magana ta ƙare, gona ta mai shuka ce har kaka. Inna ta san wannan sarai, don ita 'yar manoma ce, kuma tun daren farko na yajin ta fara cewa a karɓi gonar bana.

Abin da ya ɓata lissafi shi ne wurin da Baffa ya samu Baba. Ƙungiya ta yanke cewa kowane ma'aikaci zai riƙa zuwa bakin get kullum, cikin kakinsa, a zauna daga safe har la'asar. Shugabansu, wani dogo mai zaƙin baki da ake kira Ciyaman, ya sha faɗa musu cewa duk wanda ya sulale ya koma gona ya sayar da 'yan'uwansa, don masu kamfani za su ce ma'aikata sun watse da kansu. Ni ce mai kai wa Baba abinci in an tashi makaranta, shi ya sa a kan idona Baffa ya iso. Ya biya gida bai same shi ba, sai ya wuto kamfanin da kazarsa ta gaisuwa a hammata. Bawan Allah bai iya jan mutum gefe ba. Ya durƙusa a tsakiyar mutane ya ce, "Yaya, bana in ci gaba ko za ka karɓa?" Ciyaman ya daina kaɗa ƙafa, kowa ya zuba wa Baba ido. Baba ya dubi get ɗin da ke rufe, ya yi wata dariya da ban san shi da ita ba, ya ce, "Je ka yi nomanka, Sule. Mu ma'aikata ne." Aka tafa masa, ni ma har da ni, kwanon abinci a kaina.

Da na ba Inna labari cikin zumuɗi, sai ta zauna daɓas a kan turmi. Daga ranar kullum maganar ɗaya ce bayan sallar asuba, ta ce masa ya hau keke ya je ya janye tun ruwa bai sauka ba, shi kuma ya ce a bari a ga zaman da za a yi da manaja. Ban taɓa ganin mutanen da ke son zama irin waɗannan ba. A yi zama a ɗaga, a ce sai masu kamfani sun zo daga Kano, su zo a ce wanda zai sa hannu ya yi tafiya. Bakin get da a farko ake raha da dara da shayi ya koma wurin gyangyaɗi. Mai ƙosan da ke wurin ta kwashe kaskonta ta koma tasha. A gida ɓawon gyaɗa ya ƙare, ni da ƙannena muka fara yawon tsintar kara, awaki suka bi hanyar kasuwa ɗaya bayan ɗaya. A makaranta na daina sayen alale, carafken ma wata ce ke zaɓar mai farawa. Amma kullum sai Inna ta wanke kakin nan ta shanya, tana wankewa tana tsaki.

Ruwan ya sauka da la'asar, ina bakin get ina jiran kwano. Hadari ya taso daga gabas, iska ta kwashi hulunan mutane, ƙasa ta saki ƙamshinta. Yaran unguwa suka tuɓe riguna suna tsalle a cikin ruwa, ni ma ƙafata tana ƙaiƙayi. Ma'aikata suka ruga rumfar maigadi, Baba kaɗai ya tsaya a inda yake, ruwa na dukansa, yana kallon yamma wajen ƙauyenmu. Na ja hannunsa, ya ce, "Ruwan shuka ne, Uwata," don sunan mahaifiyarsa na ci. Washegari duk wanda ke da gona ya fita da sungumi, Baffa ma ya shuka. Gero bai gama rufe ƙasa ba manyan motoci suka zo daga Kano da 'yan sanda a gaba, aka kwance injin Baba gunduwa-gunduwa aka tafi da shi. Ciyaman ya yi jawabi mai tsawo, ya ce za a je kotu. Daga baya muka ji yana sayar da kayan babur a Mashi.

Baffa Sule mutumin kirki ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Da ya ji labari ya zo har gida ya ce, "Yaya, a raba gonar biyu." Baba ya ce, "Na faɗa a gaban mutane." Baffa ya yi magiya har da ƙwalla, Inna tana bayan ƙofa tana murza zani, amma Baba bai motsa ba. Abu ɗaya ya roƙa, in za a ɗauki 'yan ƙwadago a noman fari, a sa da shi. Haka Mamman Inji ya shiga layin 'yan ƙwadago a gonar ubansa, sanye da kakin kamfani. Hannun da ya saba da sifana ya yi bororo tun ranar farko, samari suna kai ƙarshen kunya shi yana tsakiya. Da aka yi hutu na bi shi ƙauye, ina kai musu fura gona. In yamma ta yi Baffa kan kawar da kai ya miƙa masa ladansa, shi ma ya kawar da kai ya karɓa. Wannan daminar mun ci kwaɗon tafasa har na tsane shi, kuma na ji haushin Baba ƙwarai, haushin da har yau in na tono shi nakan same shi da sauran ɗumi.

Da kaka Baffa ya kawo damman gero fiye da na godiyar da aka saba, ya sauke a zaure ya gudu kafin Baba ya dawo daga masallaci. Inna ta kori kaji, ta liƙe tsohon rumbun da kanta ta zuba. Baba ya gani ya wuce ɗakinsa. Ko sanyi bai shigo sosai ba ya hau keke ya je ya karɓi gonarsa, shi da Baffa su biyu a ɗaki, babu mai tafi. Tun daga shekarar bai ƙara jiran ruwan shuka ba. Binne yake yi, wato ya shuka a busasshiyar ƙasa tun sama ba ta nuna alamar komai ba. Wata shekarar ruwa ya makara iri ya ƙone, ya sake. Maƙwabtan gona su yi ta tsokanarsa, "Mamman Inji, wa ke korar ka?" Shi dai sai ya yi murmushi ya ci gaba da sara.

Yanzu in na bi ta hanyar Kongolam nakan ga katangar kamfanin, rufin ya tafi, awakin mutane na kiwo a inda injin yake. 'Ya'yana ba su yarda an taɓa yin jiniyar da ta fi agogo a garin nan ba, man da nake soya musu ƙosai da shi ma daga jarka yake. Baba ya rasu wata bazara, ya riga ya gama binne irinsa a gona, ruwa ya sauka bayan kwana bakwai ɗinsa, geron ya fito reras babu gurbi. Duk shekara in ƙasa ta saki ƙamshin ruwan farko, yara sukan fita da ihu. Ni kuwa nakan tsinci kaina a bakin ƙofa ina kallon yamma.